Baƙon Barno da Jakadun Mai

Mai sauka a mahaɗar Lambata, kan hanyar Suleja zuwa Minna, da wuya ya kawo Tafkin Chadi a ransa. Amma masarautar da yake tsaye a cikinta ta gaji hulɗa mai tsawo da daular Borno. Sarakunan Suleja zuriyar Haɓen Zazzau ne. Jihadi ya raba Muhammadu Makau da Zariya, daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja (Suleja ta yau) a 1828, kuma da sarautun fadarsu suka taho. Cikinsu akwai Baƙon Barno, mai kai saƙo da gaisuwa gaban Mai, wato sarkin Borno, da Magajin Malam, wakilin Borno wanda ke naɗa sabon sarki.

Daular da Zazzau ke yi wa wannan gaisuwa ta daɗe da ƙwarewa wajen aika jakadu. Tun a 1257 sarkin Kanem, mafarin daular, ya tura ayari zuwa Tunis, har da raƙumin dawa cikin kyaututtukan, kuma Ibn Khaldun ya rubuta yadda mutanen birnin suka yi dafifi don kallonsa. A Alƙahira ma mutanen Kanem sun gina makaranta da masauki saboda ɗalibansu da alhazansu.

Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne wasiƙar 1391. Mai Usman ɗan Idris ya rubuta wa Sarkin Masar Barƙuƙ, yana kukan cewa Larabawan Juzama na kama mutanensa, 'ya'ya kuma Musulmi, suna sayarwa a kasuwannin Masar da Sham. Ya nemi a bincika, a sako su. Sarki ne ke bin kadin talakawansa da alƙalami daga wancan gefen Sahara, ya kafa hujja da shari'a, yana magana da Barƙuƙ a matsayin takwara. Al-Ƙalƙashandi, magatakarda a fadar Masar, shi ya adana ta.

Mai Idris Alauma ya faɗaɗa fagen. Jakadunsa sun isa Santambul wajen Sarki Murad na Uku kan batun Fezzan, kuma ya samu Turkawa masu harbin bindiga a rundunarsa. Da buƙatarsa ba ta biya yadda yake so ba, sai ya juya ga Maroko a 1582. Nan cinikin ya yi tsada: Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya ce sai Borno ta yi masa mubaya'a a matsayin halifa. A 1591 rundunar al-Mansur ɗin ta ƙetare hamada, ta karya Songhai a Tondibi.