Yadda Ake Gane Ud Na Hannu Da Ƙiyasta Kuɗinsa Ta Waya

Duk wanda ya taɓa sayen waya ta hannu ya san ba a miƙa kuɗi sai an duba batir, sikirin da lambar IMEI. Kayan kiɗa ba su da irin wannan lamba, shi ya sa mai saye ke saurin faɗawa tarko. Ud, wato molon Larabawan nan mai tsirkiyoyi da yawa da ake ji a waƙoƙin Masar da Sudan, yana cikin kayan da ake yawan tallatawa a Facebook, eBay da Reverb da sunan "tsoho ne, na gado". Wani lokaci abin da ke hoton ma ba ud ba ne. Da kyamarar waya, Google Lens da kiran bidiyo ɗaya, mai saye zai iya gano abubuwa uku kafin ya tura ko sisi: wane irin kaya ne, yana da lafiya ko babu, kuma nawa aka sayar da irinsa.

Da farko: ud ne ko ɗan uwansa?

Kalmar al-ud a Larabci tana nufin itace, kuma ita ce dai sunan turaren nan da aka sani. Saboda haka wanda ya rubuta sunan kaɗai a Google turare zai fi gani, sai ya haɗa da kalmar kayan kiɗa. Daga wannan suna ne Turawa suka samo sunan nasu molon, lut, bayan kayan ya shiga Turai ta hanyoyin da suka haɗa da Andalus. Masana kiɗa na sanya molo, garaya da gurmi a wannan dangi, sai dai fuskarsu fata ce, ta ud kuwa katako ce.

Kaya huɗu ne ake yawan rikitawa, don dukansu bayansu a kumbure yake kamar ƙwarya. Hoton wuya da na kai sun isa a raba su.

Ud yana da gajeren wuya sumul, babu layi ko ɗaya a gicciye. Kansa ya lanƙwasa baya, da turakun katako da ake murɗawa don ɗaure tsirkiya. Yawanci tsirkiyoyinsa 11 ne: biyar bibbiyu, da guda ɗaya mai kauri.

Lut na Turai yana da layuka a wuya, amma na zare ne da aka ɗaura, ba ƙarfe ba. Kansa ya karye baya kusan kamar kusurwar bango, kuma adon ramin sautinsa a jikin katakon fuskar aka sassaƙa shi. Na ainihi na ƙarni na 16 da na 17 da suka rage kusan duk suna gidajen tarihi. Wanda ake gani a kasuwa ƙirar zamani ce.

Jita mai siffar lut ta Jamus ita ce ta fi yaudarar mutane. Tsirkiyoyinta shida ne ɗai-ɗai, layukan wuyanta a kafe suke, kuma galibi da makullan ƙarfe irin na jita ake ɗaure ta. An ƙera su da yawa a farkon ƙarni na 20, lokacin da ƙungiyar matasan Wandervogel, wadda aka kafa a 1901, ke tashe. Tana iya haura shekara 100 da gaske, amma yawanta ya sa ba ta da tsada.

Mandolin ta Italiya kuwa ƙarama ce, da tsirkiyoyin ƙarfe takwas.

Google Lens na taimakawa a wannan mataki, amma siffa yake dubawa, don haka yakan kira jita ta Jamus da sunan lut. Ƙirga tsirkiyoyi da duba wuya sun fi amsarsa tabbas.

Na wace ƙasa ne?

Idan an tabbatar ud ne, sai a nemi mai kaya ya ɗora tef ɗin awo a kan tsirkiya, daga inda ta taso a ƙarshen wuya zuwa katakon da ta ɗauru a kansa a fuska, ya turo hoto. Na Turkiyya yawanci santimita 58.5 ne, na Larabawa kuwa yakan kai wajen 61, jikinsa ya fi girma kuma sautinsa ya fi kauri. Akwai kuma samfurin Iraƙi, wanda tsirkiyoyinsa ke ɗaure a gindin ƙwaryar, su bi ta kan ɗan katakon da ake iya matsarwa. Makaɗin Iraƙi Munir Bashir, wanda ya rasu a 1997, shi ya fi fito da wannan samfuri. Wannan awo na da amfani domin da irinsa za a kwatanta farashi daga baya.

Takardar da ke ciki

Masu ƙera ud kan manna takarda a cikin ƙwaryar, ɗauke da suna, gari da shekara. Ana hango ta ta ramin sauti idan an haska fitilar waya. Google Lens na iya karanta rubutun Larabci ko na Turkanci ya fassara shi, in dai hoton ya fito sosai.

Sai dai takarda ita ce abu mafi sauƙin jabu a jikin kayan. Sunayen da suka fi daraja su ne iyalan Nahat na birnin Dimashƙa da Manol na Istanbul, waɗanda suka yi suna a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Saboda tsadar aikinsu, ana samun kayan da aka manna wa sunansu na ƙarya. Wanda ya ga irin wannan suna a kan farashi mai araha, zato na farko shi ne jabu ne. Kaya mai irin wannan suna ba a sayensa sai ƙwararren mai ƙira ya riƙe shi a hannu ya tantance.

Yawan ado ma ba shaida ba ne. Da yawa daga cikin waɗanda aka cika da ƙyalƙyali ana yin su ne don masu yawon buɗe ido su rataye a bango.

Duba lafiyarsa ta kiran bidiyo

Hoto na ɓoye aibi, don haka a nemi kiran bidiyo ta WhatsApp a wuri mai haske, a bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

1. Tazarar tsirkiya da wuya. A auna ta a daidai inda wuya ya haɗu da jiki. Wajen milimita 3 daidai ne. Idan ta wuce haka sosai, alama ce ƙarfin tsirkiyoyi ya janyo wuyan gaba, kuma gyaransa na cikin mafi tsada.

2. Fuska. Siririn katako ne, kaurinsa wajen milimita 2. A karkata shi a gaban haske a nemi tsagewa, ko lotsawa a gaban inda tsirkiyoyi suka ɗauru.

3. Katakon da ke riƙe tsirkiyoyi. Idan gefen takarda na iya shiga ƙarƙashinsa, gam ya fara saki.

4. Ƙwaryar baya. Da siraran katakai aka harhaɗa ta, a duba ko wata mahaɗa ta buɗe.

5. Ƙwanƙwasawa. Mai kaya ya ɗan buga fuskar da yatsa kusa da waya. Ƙarar kwararraf na nuna wani katakon tokari na ciki ya ɓalle.

6. Turaku. Ya ɗaure tsirkiyoyin da manhajar saita sauti, ya kaɗa kowace. Idan sauti na sauka nan take, turakun na zamewa.

7. Ƙananan ramuka da garin katako. Aikin ƙwaro ne, kuma ɓarnar ciki takan fi ta waje.

Mai kayan da ya ƙi kiran bidiyo ya riga ya ba da amsa. Haka nan a saka hotunansa a Google Lens. Idan suka fito a tsohon tallan wani shago a wata ƙasa, ɗan damfara ne ya kwafo su. Neman sabon hoto da takarda mai kwanan watan ranar a gefen kayan na kashe wannan dabara.

Yadda ake fitar da farashi

Kuskuren da aka fi yi shi ne kwatantawa da kuɗin da masu talla suka rubuta. Kowa na iya sa wa kayansa kuɗin da ya ga dama. A eBay da Reverb akwai zaɓin da ke nuna kayan da aka riga aka sayar, kuma nan ne farashin gaskiya yake. A nemo aƙalla uku masu ƙasa ɗaya, girma ɗaya da matakin ƙira ɗaya.

Ga misali na lissafi kawai. A ce uku sun tafi a dala 300, 340 da 380. Na tsakiya, 340, shi ne ma'auni. Idan wanda ake ciniki yana buƙatar gyaran dala 80 da sababbin tsirkiyoyi na dala 20, tayin bai kamata ya wuce 240 ba. Bayan haka sai a lissafa kuɗin aikowa, na kwastam da canjin dala na ranar. Ud ba shi da nauyi amma kwalinsa babba ne, kuma kamfanonin aike na cajin girman kwali, don haka kuɗin hanya na iya cinye rangwamen gaba ɗaya.

Abin da ke ɗaga daraja shi ne sunan mai ƙira da aka tabbatar, lafiyar wuya da fuska, da akwati mai ƙarfi. Tsufa kaɗai ba ya ƙara ko kwabo. Ud ɗin koyo da aka yi a masana'anta ƙara araha yake yi idan ya tsufa, kamar waya.

Abubuwa biyu kafin a biya

Wasu tsofaffin kaya na da adon hauren giwa ko katakon rosewood na Brazil. Yarjejeniyar CITES ta hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1990, ta kuma sanya wancan katako a mataki mafi tsauri a 1992. Ba tare da takardun izini ba, kwastam na iya ƙwace kayan, kuɗin mai saye ya tafi.

Na biyu shi ne yanayi. Kayan katako sun fi son danshin iska na kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, kuma iskar hunturu a Kano, Damagaram ko Sakkwato na sauka ƙasa da haka sosai. Ƙaramar tsagewar da aka raina a bidiyo na iya tsawaita a hunturun farko. Ga kuma ƙarancin masu gyaran ud a wannan yanki, ba aikin da za a kai wa kafinta ba ne. Saboda haka ud mara suna mai lafiyayyen wuya da fuska ya fi wa mai koyo amfani a kan mai babban suna da ke jiran gyara. Idan ya iso, a riƙa ajiye shi cikin akwatinsa, nesa da rana da taga.