Aikin Albashi Ko Sana'ar Ɗaki? A Yi Lissafi Kafin A Ajiye Aiki

 Yau maganarmu a kan 'yar uwar da take da aikin albashi ce, ko malamar makaranta, ko ma'aikaciyar asibiti, ko ta banki, wadda zuciyarta take raya mata ta ajiye aikin ta koma ɗaki ta kama sana'ar kanta. Irin waɗannan mata sun yawaita a 'yan shekarun nan, kuma kada wanda ya ce lalaci ne ya kawo haka.

Da farko dai mu sani sana'ar cikin gida ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Iyayenmu da kakanninmu daga cikin ɗaki suka yi kaɗi da saƙa, suka yi fura da daddawa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma da wannan suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Har wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, wadda ta yi aiki a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta yi rubutu a kan wannan ciniki na matan aure, ta kira shi ɓoyayyen ciniki, domin kasuwa ce sosai take ci a bayan katanga ba tare da baƙo ya gani ba. To kin ga wadda ta koma sana'ar ɗaki ba ci baya ta yi ba. Abin da ya bambanta ki da kakarki shi ne, ita ba ta saki komai ba kafin ta kama, ke kuwa akwai abin da za ki saki. Shi ya sa nake so mu yi lissafi.

Mu fara da abin da yake korar mata daga aiki. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da N200 ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuwa ta wuce N1,000 a wurare da dama. Kuɗin mota ya bi, abinci ya bi. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga N30,000 zuwa N70,000 a 2024, amma duk mai zuwa cefane ta san inda kuɗin suke tsayawa. Mu ɗauki misali kawai. A ce albashinki N100,000 ne, kuma kullum kina ba ɗan sahu N1,500 zuwa da dawowa. A kwana 22 na aiki, N33,000 sun tafi a kan titi. Ki ƙara abincin rana, ki ƙara ladan mai raino, ki ƙara gudummawar biki da suna da ankon ofis, wanda ba ya ƙarewa. Wata idan ta gama wannan lissafi sai ta tarar rabin albashin ma ba ya shiga gida da ita, ga shi ta fita tun yara ba su karya ba, ta dawo da la'asar sakaliya a gajiye, tukunya tana jiran ta. Wa zai ga laifinta in ta ce ta gaji?

Amma 'yar uwa, wannan rabin lissafi ne. Akwai abubuwan da aiki yake ba ki waɗanda ba kya ganin su a saƙon banki. Na farko tabbas: ko an yi ciniki ko ba a yi ba, wata zai ƙare. Sannan fansho. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki yana zuba masa aƙalla kashi 10. Ranar da kika ajiye aiki, wannan kashi 10 ya tsaya. Akwai hutun haihuwa, wanda dokar ƙwadago ta yanke mako 12, wasu wuraren ma suna ba da fiye da haka. Wasu suna da inshorar lafiya da ta haɗa da yara. Mai sana'ar ɗaki kuwa, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, sana'ar ma ta kwanta. Idan ta haihu, kwana arba'in ɗin wankan jego babu mai biyan ta.

Saboda haka wadda ta ajiye aiki ta sani ta zama ma'aikaciya kuma ta zama shugabar ma'aikata a lokaci guda. Duk abin da ofis yake yi mata a da, yanzu ita za ta yi wa kanta. A nan ne mata da yawa suke faɗuwa, ba a wajen iya sana'ar ba.

Ki yanka wa kanki albashi. Na san za ki yi dariya, ki ce kuɗina ne ai. A'a, uwar kuɗi ba taki ba ce, ta sana'a ce. Ki dubi mai ƙuli. Ta sayi gyaɗa, ta soya, ta kai inji an markaɗa, ta matse mai, ta murza tunkuza ta toya. Da yamma kuɗi sun cika gwangwani, sai ta ga kamar duk riba ce. Ba ta cire kuɗin itace ba, ba ta cire na inji ba, ba ta cire na leda da na yaron da ya kai niƙa ba, balle wahalar kanta. Sai maigida ya leƙo ya ce a ara masa na cefane, yaro ya dawo daga makaranta an ce ya kawo kuɗin littafi, ƙanwa ta zo za ta koma babu na mota. Duk daga gwangwanin nan. Bayan wata uku sai a ji tana cewa jari ya karye, har a fara zargin baki ko sammu. Babu sammun kowa, cinye shi aka yi da cokali-cokali. Maganin wannan littafi ne na 'yan nairori da biro: abin da ya shiga, abin da ya fita, kullum kafin ki kwanta. Ƙarshen wata ki ɗauki abin da kika yanka wa kanki, daga nan ne za ki yi alheri da zumunci. In ba a sami ribar da ta kai albashin ba, kin ga littafin ya faɗa miki gaskiya tun da wuri.

Haka maganar bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin dangi da maƙwabta ya fi kowanne kashe sana'ar ɗaki, domin kunya ba ta barin ki tambaya. Mai shago a Kantin Kwari yana iya ɗaure fuska. Ke kuwa wadda ta ɗauki atamfar yayar mijinki ce. Ki sa ƙa'ida tun ranar farko, kowa da kowa, don kada wata ta ce ita kaɗai aka hana.

Fansho ma ki yi wa kanki. Adashe yana da kyau wajen ƙara jari, amma ba ya jiran tsufa, ana kwasa ake kashewa. Tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe tsarin da masu sana'ar kansu za su riƙa zuba abin da ya sawwaƙa. Wata kuma tunkiya take ɗaurewa, wata zinari take saye ta ajiye. Ko wanne kika zaɓa, ya zama abin da hannu ba ya saurin kai wa gare shi.

Sai lokaci. Mutane suna ganin wadda take gida ba ta da aikin yi, don haka ita ce ta rakiyar asibiti, ita ce ta zaman gaisuwa, ita ake kawo wa yara a ajiye. Idan ba ki tsayar da awannin aikinki ba, kin bar ofis mai shugaba ɗaya kin koma mai shugabanni goma.

Yanzu bari mu taɓo inda nake ganin zamani ya yi mana gata. Kasuwar kakanninmu da ƙafar yara take tafiya. Yarinya ce take ɗaukar tiren talla tun safe, kuma mun san abin da hakan ya jawo: karatu ya salwanta, wani lokaci har da abin da ya fi karatu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara a makaranta. Yau wayar hannu ta ɗauke wannan tire. Mai turaren wuta da humra a Maiduguri tana sa hoto a WhatsApp ko Instagram, mai saye a Kaduna ta tura kuɗi ta banki, a ba direban tasha saƙo. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa har tsofaffi karɓar kuɗi ta waya. Wadda ta bar aiki don ta kula da tarbiyyar 'ya'yanta, sannan ta ɗora wa 'yarta talla, me ta yi ke nan?

Sai dai ita ma wayar tana son manufa. Za ki ga wata yau takalma, gobe maganin ƙiba, jibi hoton biki, gata habaici ga kishiya. Mai saye ba ta san me za ta nema a wurinta ba. Ki tsaya a kan abu guda har a san ki da shi, kuma abin da za ki rubuta ya zama mai amfani ko ga wadda ba ta saya ba. Mai yaji ta faɗi yadda ake adana shi kada ya yi danshi da damina. Mai ɗinki ta nuna yadda ake wanke shadda. Muna da abin koyi a marubutanmu mata na littattafan Hausa, waɗanda da yawansu matan aure ne da suka yi rubutu a ɗaki. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, kuma har yau ana maganarsa, saboda tana da abin da take son faɗa a kan karatun 'ya mace. Mai abin faɗa ita ake komawa wurinta, a littafi ne ko a waya.

Akwai kuma hukuma. Idan kayan ci ko na shafawa za ki ƙulla a roba ko kwalba ki kai kantuna, sai da lambar NAFDAC. Rajistar sunan sana'a a hukumar CAC tana ba ki damar buɗe asusun banki da sunan sana'ar, wanda shi kansa yana raba kuɗinki da nata.

Ana yawan ba da shawarar a fara gwada sana'ar tun ana wurin aiki, kada a saki reshe a kama ganye. Shawara ce mai kyau, amma ma'aikaciyar gwamnati ta sani, kundin tsarin mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwancin kansa, in ban da noma. Abin da ba a hana ki ba shi ne koyo da tara jari. Ki je wurin gwanaye ranar Asabar, ki koyi sana'ar har hannunki ya faɗa, ki san inda ake saro kaya da lokacin da suke araha, kamar gyaɗa da kaka a Dawanau. A ganina kada ki miƙa takardar ajiye aiki sai kin tara abin da zai riƙe ki wata shida ko da ba a yi ciniki ba, ban da jarin.

Kuma ku zauna da maigida ku yi magana a fili kafin ranar. Wane nauyi ne albashinki yake ɗauka a gidan, kuma wa zai ɗauke shi a watannin farko? Zai yarda masu saye su riƙa sallama a ƙofar gida? Wane ɗaki ne na kaya? Dukiyar mace tata ce, addini ma ya tabbatar mata da haka, amma gara a faɗa tun ana dariya, ya san cewa kuɗin gwangwani ba na cefane ba ne, in ya ara kuma za a rubuta a littafi.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki littafin nan shafi-shafi mu ga yadda ake fitar da farashin kaya. Ku tanadi biro da takarda. A gaida yara.