Cadi: kwana cikin tanti a tsakiyar giwayen Zakuma

A ƙasarmu, wanda ya kwana cikin tanti ba a kiransa mai arziki. Ko dai makiyayi ne da tantinsa na fata a Azawak, ko ɗan gudun hijira a Difa, ko kuwa soja a bakin iyaka. Amma a maƙwabciyarmu Cadi, cikin gandun dajin Zakuma, akwai wani zango mai suna Camp Nomade, mai tanti takwas kacal, inda attajiran Turai da Amurka ke kama wuri tun watanni kafin lokaci, su zuba miliyoyin sefa domin su yi mako guda suna kwana a daji.

Zakuma yana kudu maso gabashin Cadi, kusa da garin Am Timan. An kafa shi a 1963, faɗinsa ya ɗara murabba'in kilomita 3.000. Daga Injamena, ƙaramin jirgin sama yakan yi kamar awa biyu. Wanda ya bi ta mota kuwa, wuni guda cur zai yi bisa hanya. Da rani kaɗai ake zuwa, domin da damina ruwa ne ke shafe dajin, hanyoyi su yanke. Saboda haka kowace shekara sai an kafa zangon, a kuma naɗe shi kafin ruwan farko.

Mai karatu zai so ya san abin da ke cikin tantin nan mai tsada. To, gado ne mai kyau, da tabarmi da dardumai a ƙasa, da akwatin ajiye tufafi. Bangon tantin kusan duka sange ne, ta yadda mutum yana kwance yana kallon taurari. Wanka da bokitin da aka rataye ake yinsa, a bayan ɗan shinge. A tsakiyar zangon akwai babbar rumfa irin ta Larabawa makiyaya, da matasan kai na fata da farantan tagulla, inda ake cin abinci da shan shayi. Wanda ya taɓa sauka wurin Buzaye a lokacin taron Ingal ba zai ga baƙon abu ba, in ban da firiji da gwanin mai dafuwa. Babu katanga, babu waya. Da dare zaki yakan yi ruri, kura ta amsa, baƙo kuwa ba abin da ya raba shi da su sai zare.

Tun da asuba ake tashi. Bayan kofi, a hau mota marar rufi tare da ɗan jagora, a nufi fadamu inda ruwa ya rage. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta, duk mai rai can yake taruwa: ɓakane dubbai, gwanki, kanki, raƙuman dawa, da gauraki da agwagin ruwa da ba su ƙidayuwa. Akwai kuma jan baki. Tsuntsun nan da manoman dawa da hatsi ke kwana suna tsine wa, wanda ake kora da gwangwani da ihu, shi ne a nan Bature ke tsayawa baki buɗe yana ɗauka hoto, in ya taso miliyoyi kamar hadari har rassan itatuwa na karyewa.

Sai dai ba gado ko shayi baƙon ke saye da kuɗinsa ba. Giwa mai rai yake saye, ita kuwa da jini aka fanso ta. A 2002 giwayen Zakuma sun haura 4.000. Mafarauta bisa dawaki, ɗauke da bindigogin yaƙi, da yawansu daga wajen Sudan, suka yi ta karkashe su saboda haure, har a 2010 saura kamar 450. Waɗanda suka tsira suka dunƙule garke ɗaya, suna ta gudu, har suka kusan daina haihuwa saboda firgita. A shekarar ce gwamnatin Cadi ta danƙa ragamar gandun ga ƙungiyar African Parks, wadda ta sake horar da masu gadi, ta sanya wa wasu giwaye na'urar bin sawu a wuya, ta kuma raba rediyoyin sadarwa a ƙauyukan kewaye domin jama'a su riƙa sanar da zuwan baƙin mahaya. A watan Satumba na 2012, a wani wuri da ake kira Heban, mafarauta suka auka wa masu gadi suna cikin sallar asuba, mutum shida suka rasa rayukansu. Daga baya giwaye suka koma haihuwa, ƙidayar 2021 ta same su fiye da 600. Ba kome ne ya yi kyau ba: cikin karkanda shida da aka kawo daga Afirka ta Kudu a 2018, huɗu sun mutu cikin ƴan watanni.

Tambayar da ɗan Afirka ba zai rasa yi ba ita ce: dajin na wane ne? Masu tafiyar da gandun suna cewa ribar tantunan nan tana komawa ga aikin gadi da taimakon ƙauyuka, kuma an tanadi wani zango dabam domin ƴan ƙasa da ƴan lakwal. Gaskiya ne, amma kuɗin baƙi ba su isa su riƙe gandun ba, sai da tallafin waje, musamman na Tarayyar Turai. Wanda ke biya kuwa yakan so ya yi magana da ƙarfi. A watan Oktoba na 2025 hukumomin Injamena suka soke yarjejeniyarsu da ƙungiyar, suna zarginta da raini da gazawa, kafin a sasanta cikin makonni biyu.

Mu ma muna da abin nunawa. Gandun W, wanda aka kafa a 1954, yana da giwaye da zakoki, kuma baƙi sun sha kwana a Tapowa da bakin kogin Isa. Raƙuman dawan Kure, da suka rage 49 a 1996, sun haura 600 saboda haƙurin manoman yankin. Amma tun ranar 9 ga Agusta 2020, da ƴan bindiga suka kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu a Kure, ƙafar baƙi ta ɗauke, ƴan jagora da direbobi da masu sayar da kayan hannu suka rasa abin yi. A 2018 an kwashi raƙuman dawa takwas zuwa Gadabeji, cikin jihar Maraɗi, inda aka yi shekaru da dama ba a ga irinsu ba. Suna can suna kiwo kusa da tantunan makiyaya.