Targaɗen Idon Sawu: Yaushe Mai Gudu Zai Koma Kan Titi?

Da an sallame sallar asuba, kafin babura masu ƙafa uku su cika Titin Zariya, akan ga mutane sun fito sassarfa a Gyadi-Gyadi da Tarauni. Wasu su bi Titin Kotu, wasu Titin Gidan Zoo, wasu kuma su miƙe ta gaban Asibitin Koyarwa na Aminu Kano su nufi Unguwa Uku. Ba gasa suke yi ba, lafiya suke nema. Sai dai a wannan lokaci gari bai gama wayewa ba, ga gefen kwalta da ruwan damina ya zaizaye, ga murfin kwata da ya fashe. Taku ɗaya ya isa ƙafa ta gurɗe. Bayan mako guda ko biyu kumburi ya saɓe, ciwo ya lafa, mai ƙafa ya ɗaura takalmi ya koma kan titi. Ba a jima ba sai ƙafar ta sake gurɗewa a daidai inda ta gurɗe da farko. Jama'a sukan ce tsautsayi ne, amma akwai dalili a kimiyyance.

Abin da ke yagewa

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a idon sawu: babban ƙashin ƙwauri, da siririn ƙashin da ke gefensa ta waje, da wani ƙashi mai kama da dunƙule da suke zaune a kansa. Abin da ke ɗaure su shi ne wasu igiyoyi masu tauri, waɗanda Bahaushe ke kira jijiyoyi, ko da yake ba jijiyoyin jini ba ne. Uku daga cikinsu suna gefen waje, kuma ta gaban ita ce mafi rauni. Galibin targaɗe yana faruwa ne idan tafin ƙafa ya juya ciki, nauyin jiki ya faɗa kan gefen waje, wannan igiya ta gaba ta miƙe fiye da ƙima. Likitoci sun kasa targaɗe mataki uku: wanda igiyar ta miƙe kawai, da wanda wani sashe nata ya yage, da wanda ta tsinke gaba ɗaya.

Jiki yana gyaran wannan ɓarna daki-daki. A kwanakin farko wurin yakan kumbura ya yi zafi, domin jini ya kawo ƙwayoyin da ke share abin da ya lalace. Daga nan sai a shiga makonnin saƙa, inda jiki ke shimfiɗa sababbin zarurruka na wani sinadari mai suna kolajin. Zarurrukan farko a hargitse suke, kamar zaren da yaro ya warware, ba su da ƙarfin na asali. Sai an yi watanni, wani lokaci har shekara, kafin su jeru su yi ƙwari. Abin lura shi ne ciwo yakan tafi tun ana tsakiyar saƙa. Wanda ya ɗauki tafiyar ciwo a matsayin warkewa, ya hau gini ne tun siminti bai bushe ba.

Ɗan lissafi zai nuna girman abin. A lokacin gudu, duk sanda ƙafa ta dira ƙasa tana ɗaukar ƙarfin da ya ninka nauyin jiki sau biyu zuwa uku. Ɗalibi mai nauyin kilo 60 yana sauke kimanin kilo 150 ke nan a kowane taku. Gudun kilomita 5 kuwa yana cin taku wajen 5,000, rabinsu a kan ƙafar da ta ji rauni.

Ji na ɓoye

Akwai wata asara da ido ba ya gani, ita ce kuma ta fi jawo maimaituwar targaɗe. Idan mutum ya rufe ido ya ɗaga ƙafa, ya san inda take da yadda ta karkata ba tare da ya duba ba. Wannan sani yana zuwa ne daga wasu ƙananan na'urorin ji da ke cikin igiyoyin gaɓoɓi da tsokoki da fata, waɗanda ke aika saƙo zuwa laka da ƙwaƙwalwa ba dare ba rana. Masanin aikin jiki ɗan Ingila, Charles Sherrington, shi ya raɗa wa wannan ji suna a 1906. A 1965 wani likitan ƙashi a Landan, Michael Freeman, tare da abokan aikinsa, suka nuna cewa mutanen da ƙafarsu ke yawan zillewa bayan targaɗe sun rasa wani ɓangare na wannan ji, kuma atisayen tsayuwa da daidaita jiki yana rage matsalar. Wato idan igiya ta yage, layin saƙo ma ya taɓu. Ƙafa ta taka dutse, ta fara karkata, amma tsokokin gefen ƙwauri da ya kamata su fizgo ta ba su yi shiri a kan lokaci ba.

Ba ƙaramar matsala ba ce. Wani bincike da aka yi a Dublin ta ƙasar Ailan, aka buga a 2016, ya bi mutanen da suka yi targaɗen farko har tsawon shekara guda, ya tarar kashi 40 cikin 100 nasu ƙafar ba ta daina zillewa ba. A ɗaya ɓangaren, binciken da aka buga daga ƙasar Holan a 2009 a kan 'yan wasa 522 ya nuna amfanin magani mai arha: waɗanda suka yi atisayen daidaita jiki a gida na mako 8, kashi 22 cikin 100 ne suka sake targaɗe a cikin shekarar, alhali a cikin waɗanda ba su yi ba an sami kashi 33.

Kwanakin farko

Tambayar farko ita ce ko targaɗe ne ko karaya. A 1992 likitoci a birnin Ottawa na Kanada, ƙarƙashin Ian Stiell, suka fitar da ƙa'ida mai sauƙi: a ɗauki hoton ƙashi idan mutum ya kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, ko kuma idan an danna bayan ƙashin idon sawu ko bakinsa ya ji zafi a kan ƙashin kansa. Ga 'yan makaranta akwai ƙarin dalilin taka tsantsan, domin bakin ƙashinsu bai gama rufewa ba, wurin girma kuwa yana iya tsagewa a ɗauka targaɗe ne. Mazauna Gyadi-Gyadi ba su da uzurin nisa, tunda asibitin koyarwa yana unguwarsu, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala.

A al'ada akan garzaya wurin maɗori ya ja targaɗe, a dawo gida a yi gashi da ruwan zafi, a murza man zafi. Gashi yana da daɗi kuma yana sassauta gaɓa bayan kumburi ya sauka, amma a kwana biyu ko ukun farko yana ƙara kumburi ne. Jan ƙafa da ƙarfi kuwa, igiyar da ta yage ba gocewa ta yi ba balle a mayar da ita. Su ma likitocin zamani sun sauya ra'ayi. A 1978 Gabe Mirkin na Amurka ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa, sai ga shi a 2014 da kansa ya ce dogon hutu da yawan ƙanƙara suna iya jinkirta warkewa. Abin da aka fi yarda da shi yanzu shi ne a kare ƙafar na 'yan kwanaki, a naɗe ta da bandeji, a ɗaga ta, sannan a soma taka ta gwargwadon yadda ciwo ya bari, domin nauyi daidai wa daida ne ke koya wa sababbin zarurruka yadda za su jeru. Ƙanƙara ta rage zafi ce kawai, kuma masu cutar sikila su nisance ta, saboda sanyi yana iya tayar musu da ciwo.

Gwaji kafin gudu

Kalanda ba ta yanke hukuncin ranar komawa, ƙafar ce ke yankewa. Rayuwar yau da kullum ma tana da nata ma'auni. Wanda ba ya iya tsugunawa dunduniyarsa a ƙasa kamar yadda ya saba, ko zaman tahiya yana yi masa zafi, gaɓarsa ba ta gama sakewa ba. Likitocin gashin ƙashi sukan so mutum ya iya tafiya da sauri ta rabin awa ba ɗingishi, ya tsaya da ƙafar ita kaɗai na daƙiƙa 30, ya ɗaga dunduniya a kanta sau da yawa kamar yadda lafiyayyar ke yi, ya kuma yi tsalle-tsalle a kanta ba tare da zafi ko fargaba ba. Lafiyayyar ƙafa ita ce abin kwatance.

Atisayen ba ya bukatar kuɗi. A fara da tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango, idan ta zauna a rufe ido, idan wannan ma ya yi sauƙi a hau matashin kai ko tulin yashi. Tsohon tub na keke, idan aka ɗaura shi a ƙafar gado aka riƙa tura shi waje da gefen ƙafa, yana ƙarfafa tsokokin da ke hana gurɗewa. Tuƙa keke kuma yana riƙe ƙarfin zuciya da numfashi kafin a koma gudu.

Ranar komawa a gauraya ne: minti ɗaya na sassarfa, minti biyu na tafiya, na kimanin minti ashirin, sannan a huta kwana guda. Washegari da safe ake karanta sakamako. Idan idon sawu ya kumbura ko ya sage, an zarce, sai a koma matakin baya. A fara ƙara tsawon lokaci, sauri ya biyo daga baya. Wurin gudu ma abin dubawa ne. Gefen kwalta a karkace yake zuwa kwata don ruwa ya gangara, saboda haka ƙafar da ke ɓangaren kwata tana dira ne a kan gefenta na waje, daidai yanayin da targaɗe ke so. Filin makaranta mai shimfiɗe, bayan rana ta fito, ya fi dacewa da makonnin farko. Takalmin da dunduniyarsa ta cinye ta gefe guda a ajiye shi, kuma ɗamarar idon sawu da ake sayarwa a kantin magani tana rage haɗarin maimaitawa a watannin farko, ko da yake ba ta maye gurbin atisaye.

Idan an kai mako shida ƙafar tana zillewa, ko tana maƙalewa, ko akwai zafi can cikin gaɓar, to a koma asibiti, domin wani lokaci guringuntsin da ke saman ƙashin nan mai kama da dunƙule yakan ɓantare tare da targaɗen, kuma hoton ƙashi na farko ba kullum yake nuna shi ba.