Tsutsar da ke fita daga cikin gyare ba kurkunu ba ce

Da damina ta kankama a Jalingo, mai wanki a bakin kogin Lamurde ko Mayo Gwoi kan ga gyare ko ƙoƙi-ƙoƙi ya faɗa ruwa. Jim kaɗan sai wata siririyar aba mai duhu, kamar zaren ɗinki, ta fara zarowa daga bayansa, tana murɗewa tana ƙulla kanta, tsawonta ya ninka na ƙwaron. Daga nan maganganu ke tashi. Bari mu raba tsaki da tsakuwa.

Masu cewa izgar doki ce ta jiƙa ta zama maciji sun yi kuskure. Tsutsa ce mai iyaye. Tana ƙyanƙyashewa a ruwa, ta ɓuya a jikin ƙananan ƙwarin ruwa irin su 'ya'yan sauro. Ƙwaron ya yi fiffike ya tashi, gyare ko ƙoƙi-ƙoƙi ya ci shi, ita kuma ta girma a cikinsa.

Masu cewa ita ke jan ƙwaron zuwa ruwa sun yi gaskiya, domin a ruwa kaɗai take barbara. A 2002 Frédéric Thomas da abokan aikinsa a Faransa sun nuna cewa gyare mai ɗauke da ita kan afka ruwa da dare, abin da lafiyayye ba kasafai yake yi ba. A 2021 masana a Japan suka gano cewa ƙyallin saman ruwa ne ke fizgar ƙoƙi-ƙoƙin da ta kama. An kuma samu tana fitar da sinadarai masu kama da na jikin ƙwaron, wato ana zaton da kwaikwayo take yaudarar ƙwaƙwalwarsa.

Batun cewa tana iya juya hankalin mutum ba shi da tushe. Ba ta girma a jikin ɗan Adam ko na dabbobin gida.

Maganar da ta fi tayar da hankali ita ce wai kurkunu ya dawo. Na fahimci tsoron, domin a 1988 an ƙirga mutum fiye da 650,000 masu fama da shi a Najeriya, kuma shi ma da zafin ƙurji yake tilasta wa mutum tsoma ƙafa a ruwa. Amma kurkunu fari ne, daga fatar mutum yake fitowa sannu a hankali, ba daga ƙwaro ba. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya ta rabu da shi.

Sai dai rigakafi ya fi magani. Taraba na iyaka da Kamaru, inda a 'yan shekarun nan aka samu kurkunu a jikin karnuka can arewa mai nisa. Idan ka ga tsutsa a baho, zubar da ruwan ka rufe randa. Idan kuwa farar tsutsa ce ta leƙo daga ƙafar mutum ko ta kare, kada a bari ya shiga rafi, a sanar da asibiti mafi kusa a ranar.