Awa 48 da ke iya fitar da ɗan kasuwa daga kurkukun New Bell

A tsakanin 'yan kasuwarmu da ke kawo kaya Duwala daga Amchide, Fotokol ko Kye-Ossi, da yawa sun ɗauka cewa ba a ɗaukaka ƙara sai alƙali ya yanke hukuncin ƙarshe. Wannan fahimta ta sa mutane suna shafe watanni a tsare a kurkukun New Bell, alhali kuwa dokar Kamaru ta buɗe masu wata ƙofa tun shari'a ba ta yi nisa ba.

Dokar da muke magana a kanta ita ce dokar tsarin shari'ar laifuffuka mai lamba 2005/007 ta ranar 27 ga Yuli 2005, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2007. A ƙarƙashinta, idan alƙalin bincike ya ba da umarnin a tsare mutum, ko ya ƙi ba shi beli, wanda ake tuhuma yana da damar ƙalubalantar umarnin a gaban wani sashe na Kotun Ɗaukaka Ƙara mai sa ido kan aikin alƙalan bincike. A Duwala, wannan kotu ta jihar Littoral tana unguwar Bonanjo.

Sai dai wa'adin gajere ne ƙwarai, awa 48 kacal daga washegarin ranar da aka sanar da mutum umarnin. A nan ne muke yin sake. Idan aka kama ɗan uwa, mukan fara da neman mai unguwa, da sarkin Hausawa, da tara kuɗi a Kasuwar Congo, kafin a tuna da lauya kwana biyu sun wuce. Takardar ƙarar kuwa ba ta buƙatar tambarin haraji. Ana rubuta ta kwafi huɗu, a haɗa da kwafin umarnin alƙalin, a kuma bayyana dalilan da suka sa ba a yarda da shi ba. Idan batun tsarewa ne, doka ta ba kotun kwana 10 ta yanke.

Wani abu da ya shafi fatake musamman shi ne mazauni. Doka ta ce mai sanannen wurin zama ba a tsare shi kafin shari'a sai a kan babban laifi. Baƙon da ya sauka a gidan mai masauki a New Bell, ba shi da takardar haya ko wata shaida, yana da sauƙin a ɗauke shi a matsayin wanda zai iya tsallake iyaka. Don haka mai masauki da zai tsaya masa, da takardun sana'a, suna da nauyi wajen neman beli.

Bugu da ƙari, tsarewar alƙalin bincike ba ta wuce wata 6, sai dai ana iya ƙara wata 6 a ƙaramin laifi, ko wata 12 a babba. Idan wa'adi ya cika ba a saki mutum ba, kowa ma, ɗan uwa ko abokin ciniki, zai iya rubuta wa shugaban babbar kotun Wouri ya nemi a sake shi nan take.

Mazauna New Bell ba su manta da gobarar da ta tashi a kurkukun a watan Agustan 2008 ba, wadda ta halaka fursunoni, a lokacin da gidan da aka gina don mutum kusan 800 yake ɗauke da fiye da 3,000, akasarinsu masu jiran shari'a.

Shawararmu ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa ita ce kowace ta ajiye lambar lauya tun kafin buƙata ta taso. Ranar da aka miƙa wa mutum takarda a kotu kuma, a nemi kwafinta, a rubuta kwanan wata, domin daga washegarin ranar ne lissafin awa 48 ke farawa.