Ko kyautar kuɗi na sa ɗan makaranta ya yi ƙwazo?

Uba da dama kan yi wa ɗansa alkawarin keke in ya ci jarrabawa. Masana tattalin arziki sun auna amfanin wannan al'ada: sukan raba makarantu gida biyu ta hanyar ƙuri'a, su sa kyauta a gida ɗaya, su bar ɗayan yadda yake, sannan su gwama sakamako.

A shekarar 2001, a yankunan Busiya da Teso na ƙasar Kenya, an yi wa ƴan matan aji shida alkawari: kashi 15 cikin 100 da suka fi maki za a biya musu kuɗin makaranta na shekara biyu. Binciken Michael Kremer da abokan aikinsa ya nuna cewa a Busiya makin ƴan mata ya hau, har da na waɗanda ba su sa ran ci ba, malamai kuma suka rage fashin aiki. A Teso ba a ga tabbataccen canji ba.

A Amurka, tsakanin 2007 da 2009, Roland Fryer ya biya yaran Niyok da Cikago bisa makinsu, amma makin bai motsa ba. Yaran na son kuɗin, sai dai ba su san hanyar ƙara maki ba. A Dalas kuwa, inda aka biya dala 2 kan kowane littafin da yaro ya karanta, masu jin Ingilishi sun ci gaba.

Darasin ga iyaye da hukumomi shi ne: lada ta fi amfani in an ɗora ta a kan aikin da yaro ya san yadda zai yi yau.